Dalar da Inna Ta Wanke

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, na faɗa wata harka da ban taɓa zaton magidanci mai hankali zai ɓata lokacinsa a kanta ba, wato tara tsofaffin kuɗi. Ba kuɗin kashewa ba fa, kada wani ya fara shirya abin da zai roƙa. Irin su anini da kwabo mai huji da sisi da sule nake nufi, waɗanda ko mai ƙosai ka miƙa wa sai ta tara maka jama'a.

Yadda abin ya faro, gyaran rufi muke yi a gidanmu na Soron Ɗinki. Kafinta ya ɓamɓaro wani tsohon kwano, sai na ga ƙarƙashin kan kowace ƙusa an sa wani ɗan ƙarfe mai huji a tsakiya. Na ɗauki ɗaya na murza da yatsa, sai ga tauraro da rubutu. Anini ne. Ashe da ya daina sayen komai, sai mutanen wancan zamani suka mai da shi matashin ƙusa don kada ruwa ya bi. Na ɗauki hotonsa na tura wa abokina don mu yi dariya. Shi kuwa ko shawara bai yi da ni ba, sai kawai na tsinci kaina a wani zaure na waya, guruf dai, na masu tara irin waɗannan kuɗi.

Jama'a, akwai mutane a duniyar nan. Likitoci, 'yan kasuwa, malaman jami'a, wasu a Zariya, wasu a Katsina, wani ma har Maraɗi, duk sun taru suna musu a kan kwabo. Kuma ba wanda ya sa fuskarsa a hoton lambarsa, kowa hoton kuɗi ya sa. Sai ka yi wata guda kana hira da sule ba ka san ko yaro ne ko tsoho ba.

Mutum biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, shi ya buɗe zauren. Ba ya son rubutu, sai saƙon murya, kuma sai ya yi sallama cikakkiya ya tambayi iyalin kowa kafin ya shiga magana, kana jin kaji suna kuka a bayansa. Duk abin da mutum ya turo, ko murfin gwangwani ne, tambayar Baba ta farko ita ce, "Malam, daga ina ta zo hannunka?" Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai da son dogon zance.

Na biyu kuwa wani matashi ne mai shago wajen Ƙofar Mazugal. Mu kira shi gwanin zaure, don wallahi gwani ne, ba zan rage masa ba. Kallo ɗaya zai yi wa hoton kwabo ya gaya maka inda aka buga shi da ko na jabu ne. Amma bakinsa, Allah ya kiyaye! Idan sabon shiga ya yi tambayar rashin sani, sai ya gwammace bai iya rubutu ba. Ni da nake malamin makaranta, mai tsare yara da tambaya, sai ga ni ina rubuta tambaya ina gogewa don tsoron wani yaro da ban taɓa gani ba.

Wata rana ina zaune a tsakar gida na baje aninaina a kan tabarma, ina ta yi wa mahaifiyata bayani kamar ni na ƙera su. Inna ta leƙo ta taɓe baki.

"Wannan ne abin da ya hana ka cin tuwo da zafinsa? Anini? Ai mu da shi muke wasan 'yar carafke."

Ta shiga ɗaki, na ji tana jan adaka. Can ta fito da wani ƙullin tsumma, ta zauna ta kwance shi a hankali. Wata ƙatuwar azurfa ce, faɗinta ya kusa cika tafin yaro, da hoton wata mata mai ƙiba a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma tsuntsu mai kai biyu. An yi mata ɗan kunne a sama na zura igiya. Ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Dala ke nan," in ji Inna. "Ta mahaifiyata ce."

Na san labarin kayan kakata. Bayan rasuwarta, ɗan abin da Inna ta samu na gado yana wani ɗakin ƙasa da ya rufta cikin wata damina, ruwa ya gama da komai. Ban dai san akwai abin da ya tsira ba. Ashe wannan dalar tana ƙugun Inna a ranar, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage mata wanda hannun uwarta ya taɓa.

Ni kuwa, maimakon in tsaya in ji wannan da kyau, hankalina yana kan zaure. Nan take na ɗauki hoto a inuwar rumfa na tura. Kai, ranar na san daɗin suna! Waya ta dinga ƙara ba tsayawa. Masu cewa ma sha Allah na yi, masu tambayar ko ta sayarwa ce na yi. Har gwanin zaure da kansa ya rubuto cewa wannan baƙin da ta yi shi ne kyanta. Ni ban ma lura da wannan maganar ba sai daga baya, don kaina ya riga ya kumbura. Abin da na riƙe kawai shi ne sun ce hoton ya yi duhu, in sake ɗauka gobe da rana, gaba da baya, yadda za su gan ta sosai.

Na ce, "Inna, manyan masana ne fa, har da likitoci. Gobe suke son su ga dalarki da kyau."

Ta ce, "Likitoci? Dalar tawa?" Ta yi murmushi ta ƙulle abarta.

Washegari na dawo daga makaranta bayan azahar, na tarar da ita a bakin rariya kan 'yar kujera. Ga toka a murfin kwano, ga ɓawon lemon tsami a warwatse, ga guntun soson buhu. Yatsunta duk sun yi yaushi. Inna da ke fama da ciwon gwiwa, ashe tun hantsi take duƙe a wurin. A gefenta kuwa ta shimfiɗa sabon farin hankici, ga dala a kai tana ɗaukar ido.

"Ka ce baƙi za su gan ta," in ji ta. "Ai ba a nuna wa baƙo abu da dauɗa, sai a ce gidan ba mace."

To ku ji masanin naku. Tsalle na yi. Na ce, "Kai Inna, Allah ya bar mana ke! Ai ta koma sabuwa fil!" Na juya ta a rana, na ɗauki hotuna har da kwanciya a ƙasa don haske ya zauna daidai. Na tura, na rubuta a ƙasa: ga ta nan, an yi mata wanka.

Sai hotunan fuska mai hawaye suka fara shigowa. Ni a tunanina hawayen daɗi ne. Sai ga saƙon murya daga gwanin zaure. Na ce lallai yau abin ya kai, tunda har ya buɗe baki. Na ƙure ƙarar waya, na matsa kusa da Inna, na ce, "Zo ki ji yabo da kunnenki."

Har yau ina iya maimaita abin da ya fito daga wayar nan.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wane jahili ne ya yi wannan aika-aikar? Abin da ya yi shekara da shekaru yana tara kyau, an kankare shi da rana ɗaya kamar bayan tukunya! Wallahi duk wanda ya yi wannan ya ci amanar wanda ya bar masa gadon. Yanzu me ya rage? Murfin kwalba ce. A kai wa maƙera su narka, ko zobe a samu."

Ina ta danna waya tana ƙin mutuwa. Kafin in samu kanta, ya gama.

Inna ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi yatsunta, ta dubi dalar. Ta ce a hankali, "Na ci amana, ya ce?" Na fara rantse-rantse, ina cewa yaro ne mara kunya, bai san komai ba. Ta ce, "Kai da bakinka ka ce masana ne." Ta naɗe dalar a hankicin, ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki. Ko tokar ba ta kwashe ba, Inna da ba ta barin tsinke a tsakar gida.

Ni dai kun san ni, ba ni da doguwar igiya. Na rubuta a zauren cewa mahaifiyata ce ta wanke, don ta girmama ku ta yi, kuma ta ji abin da aka ce da kunnenta, Allah ya isa. Na fice. Na zari makullin babur zan tafi Ƙofar Mazugal in bi shago-shago har in gano mai muryar nan. Abokina da ya jefa ni cikin harkar shi ya tare ni a bakin lungu ya zare makullin. Ya ce, "In ka je ka ce wa? Mai hoton sule kake nema?" Haka na dawo gida ina huci.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tayar mini da hankali. Da safe zan fita, sai na ga ƙullin hankici a kan sirdin babur ɗina. Inna na tsaye a ƙofar ɗakinta.

"Ka biya wurin maƙeran farin ƙarfe ka ba su. A yi wa 'yarka zobe."

"Haba Inna, saboda maganar wani..."

"Ba saboda shi ba ne. Da, in na kwance ƙullin nan, mahaifiyata nake gani. Jiya na kwance, ɓarnar hannuna kawai na gani. Ba zan iya ajiye ta ba. Gara a narka, a ce ta yi wani amfani."

Na karɓa na sa a aljihu, na dawo da ita da yamma na ce maƙerin ya tafi ta'aziyya. Washegari na ce gawayinsa ya ƙare. Na ƙara da cewa an ce azurfa ba ta narkuwa da kyau in ana zafi, wannan kam ko ni da na faɗa na ji kunya. Inna ta dube ni ta ce, "Ni na haife ka fa. In Juma'a ta wuce ba ka kai ba, zan yafa mayafina in kai da ƙafata." Kuma duk wanda ya san Inna ya san za ta yi. A 'yan kwanakin nan ta daina tsokanata, ta daina yi wa rediyo gardama, abinci ma sai ta ɗan taɓa ta ture. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san idan dalar nan ta shiga wuta, Inna za ta zauna da wannan maganar ta cin amana har ƙarshen ranta, ba kuma abin da za a nuna mata a ce ga shi, ba haka ba ne.

Ranar Laraba bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Ina ɗauka na ji doguwar sallama da kukan kaji. Baba ne.

Ya ce ya je ƙauye gaisuwar mutuwa, inda ba sabis, sai yau ya dawo ya saurari komai. Na buɗe baki zan fara zazzaga masa abin da ke cikina, ya bar ni na yi har na gaji. Sannan ya ce, "Ka gama, Malam? Duk abin da ka faɗa kana da gaskiya. Amma ba kai aka yi wa laifi ba, Hajiya aka yi wa. Irin wannan kuma ba a waya ake gyara shi ba. Ina ne gidan?"

Na ce Soron Ɗinki.

Ya yi dariya. "Ikon Allah. Ni ina Zaitawa. Muna ta aika wa juna murya ta sararin sama, ashe da na ɗaga murya da ka ji. Ka nema mini izini wurin Hajiya, gobe in zo in gaishe ta."

Da ƙyar Inna ta yarda. Ta ce ita me za ta ce wa masana, ai ta riga ta ji hukuncinsu. Na ce dattijo ne, ba a mai da dattijo daga ƙofa. Wannan ce ta kama ta.

Washegari da yamma na shimfiɗa tabarma a soro. Sai ga babur ya tsaya, wani matashi mai tsabta cikin shadda ruwan toka yana tuƙi, a bayansa wani ɗan tsamurmurin tsoho riƙe da sanda. Yadda muryar Baba take cika waya, na zaci wani ƙato zan gani. Ashe duk jikin bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Na ɗauka matashin ɗansa ne, har na yi masa sannu da hanya na ba shi ruwa.

Inna ta fito da mayafinta ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Baba ya gaishe ta gaisuwa irin ta mutanen da, ya tambayi gwiwa, ya tambayi jikoki, ya yi wa mahaifanta addu'a. Sai matashin ya durƙusa ya ce, "Hajiya, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

Inna ta ɗaga kai. Ta ce, "Sake magana in ji."

Ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Na'am, Hajiya?"

"Kai ne mai murfin kwalba."

Jama'a, ban san lokacin da na yunƙura ba. Ashe mutumin da na yi kwanaki ina dambe da shi a mafarki shi na ba ruwan randarmu! Baba ko kallona bai yi ba, sandarsa kawai ya miƙo ya gitta a kan gwiwoyina, ya ci gaba da magana da Inna kamar ba abin da ya faru.

"Shi ne, Hajiya. Na gaya masa inda za ni, na ce ba dole. Ya ce shi zai kawo ni."

Matashin nan kansa a ƙasa, gumi na bin wuyansa. Ya ce bai san uwa ce ba, ya ce ko ma wane ne bai kamata ya faɗi haka ba, ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba. Ya roƙi gafara. Na so in ji daɗin ganinsa haka, amma wallahi sai na ji ya ba ni tausayi, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin.

Inna ta ce, "Tashi, ɗan nan, na yafe maka. Ai ba ƙarya ka yi ba. Gaskiya ka faɗa, bakinka ne dai da kaifi."

Na gane ban haƙuri ba zai hana dalar nan shiga wuta ba, tunda ita ta riga ta yarda da hukuncin. Na dubi Baba ina roƙonsa da ido ya ce mata ƙarya ne, wanki ba ya komai.

Bai ce ba. Ya nemi a ba shi dalar. Ya ciro wani ɗan ƙyalle mai laushi daga aljihu ya shimfiɗa a cinyarsa, ya karɓe ta da hannu biyu, ya riƙe ta ta gefe-gefe da bakin yatsu. Ya fito da gilashin ƙara girma ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Ya daɗe yana dubawa, har na fara jin motsin mutane masu wucewa masallaci.

"Hajiya," in ji shi, "ni ba zan yi miki ƙarya a soronki ba. A wurin masu saye da sayarwa, wanki yana rage wa irin wannan daraja. Haka abin yake."

Na ce a raina, shi ke nan, tsohon nan ya zo ya ƙarasa mu.

"Amma ke sayarwa za ki yi?"

"Allah ya kiyaye!" in ji Inna, har da ɗaga hannu.

"To mu ajiye zancen 'yan kasuwa a gefe, ba da mu suke ba. Ni wani abu ne ya ɗaure mini kai. Na ga sawun tokarki, sabo ne, ga shi nan. Amma a ƙarƙashinsa fuskar matar nan ta sha shafa, ta yi sumul, musamman nan ƙasa. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba. Na daɗe ina riƙe irinta, ban taɓa ganin wadda ta cinye ta nan wurin ba. Don Allah ki sanar da ni, me ake yi da ita a gidan nan?"

Inna ta dube shi, kamar tana auna ko ba'a yake mata. Da ta ga da gaske jira yake, har ya ajiye gilashin ya tattara hankalinsa, sai ta gyara zama.

"Ta haƙori ce," ta ce.

"Ta haƙori?"

"In yaro ya fara haƙori, dasashinsa na ƙaiƙayi yana ta rigima, sai mahaifiyata ta zura mata igiya ta tsoma a randa ta yi sanyi, ta rataya masa a wuya. Ya yi ta gurgura har ya yi barci. Ta fi ƙarfin a haɗiye, ga sanyi. Ni da ita na yi haƙori, da ni da ƙannena duka. Nawa 'ya'yan ma haka, har auta. Sai da matan yanzu suka zo da ta roba sannan na ƙulle ta."

Baba ya ce, "To da baƙinta ake sa wa jariri a baki?"

"Haba Malam! Wa zai yi haka? Duk yaron da za a ba, sai mahaifiyata ta zauna ta dirje ta da toka da lemon tsami, ta ɗauraye, ta..."

Sai ta tsaya. Bakinta a buɗe, maganar ta maƙale.

Baba ya juya dalar a hannunsa. Sannan ya ce, cikin wannan muryar tasa mai sanyi, "Ashe baƙin da muka taru muna yi wa kuka bai girmi autanki ba. Har da ni fa, Hajiya, don ni ma da na ga hoton sai da na yi salati. Ba wanda ya tambaye ki a cikinmu. Abin da mahaifiyarki take yi wa dalar nan, da irin tokar da irin lemon, shi kika yi mata. To ina cin amana a nan?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta suka dinga rawa. Kukan da ta riƙe tun ranar nan, a nan ta yi shi, gaban baƙi, ita da ko gabanmu ba ta yi. Ni ma na juya ina duban bango kamar akwai abin karantawa a jiki. Gwanin zaure kuwa hularsa ya cire yana ta murzawa.

Da ta natsu ta share ido, sai ta nuna ni da haɓa. "Wannan da kuke gani, shi ya fi kowa cin ta. Har ya yi wayo yana yawo da ƙafarsa yana bin ta da kuka, sai da na ɓoye a cikin gari."

Soron ya kwashe da dariya, har da wanda na so in daka. Ni dai na ce a rufa mini asiri, ina da ɗalibai a unguwar nan. Amma daɗin da na ji ba ya faɗuwa, don tsokanar Inna ta dawo.

Baba ya miƙa mata dalar da hannu biyu. Ya ce, "Sai dai in akwai wasu sule ko kwabo a adakar, waɗannan kam a bar su da dauɗarsu, mu haka muke son su. Mu ne dai Allah ya yi mu da son datti." Ta ce ta ji. Ta naɗe dalar, ba a sabon hankicin ba, a tsohon tsummanta, ta soke a ƙugu. Na ce, "Inna, gobe Juma'a fa, in biya wurin maƙerin?" Ta ce, "Ka biya ka gaishe shi, ka ce ina yi masa ta'aziyyar da ka ce ya tafi."

Kafin su tafi Baba ya nemi izininta ya ba da labarin a zaure, ta ce ya bayar. Da kansa ya mai da ni cikin zauren. Saƙon da ya yi a ranar bai kama sunan kowa ba, bai kori kowa ba. Ya ba da labarin dalar haƙori, sannan ya ce laifin na tsofaffin zaure ne gaba ɗaya, shi ne kuma na farko. Ya ce mun san garin da muke, mun san ba gidan da za a ce baƙi za su ga abu a bar shi da dauɗa. Mun ce wa sabon shiga ya kawo hoto mai kyau, ba wanda ya ce masa kada a wanke, sannan muka dawo muna zagin abin da mu muka jawo. Daga nan ya turo hoton wani sule fari tas, duk ya ƙuje, ya ce nasa ne na farko, da yashi ya dirje shi yana saurayi. Ya ce duk wanda ya taɓa wanke kuɗi ya fito da nasa. Gwanin zaure ne ya fara turowa. Kafin a kwanta barci zauren ya cika da ƙyalli, likitoci da malaman jami'a kowa na fito da abin kunyarsa ana dariya.

Tun daga ranar, duk wanda aka sa a zauren, gaisuwar farko da yake samu ita ce barka da zuwa, kada ka wanke. Kuma mafi yawan lokuta gwanin ne ke riga kowa faɗa. Bakin nasa bai mutu duka ba, kada in yi muku ƙarya, amma yanzu yakan tambaya kafin ya yanka.

Yau ni ma ana lissafa ni cikin tsofaffin hannu, kuma sai yanzu na san wahalar abin da Baba ya yi. Idan sabon shiga ya turo wani abin takaici, yatsana har ƙaiƙayi yake, maganar da za ta ba zaure dariya tana nan a bakina a shirye. Sai in tuna ban san wa ke zaune kusa da wayar can ba, ban kuma san me abin yake a gidansu ba. Sani kam gwanin yana da shi, wataƙila ma ya fi Baba. Abin da ya burge ni da tsohon nan shi ne bai sayi farin cikin Inna da ƙarya ba, bai kuma wanke ta ta hanyar tozarta yaron ba. Ya tako da sandarsa har soronmu saboda tsohuwar da bai sani ba, ya zauna ya yi tambaya kamar ɗalibi. Ina ƙaunar mutumin nan saboda Allah, kuma na gaya masa a gaban idonsa.

Inna ta rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta. Dalar tana wurina. Ta fara komawa baƙinta da kanta, ban taɓa ta ba. Wani lokaci nakan sa gilashi in duba, sai in ga sawun sosonta, ƙananan zagaye-zagaye a jere, daidai yadda take wanke tasa, daidai yadda take cuɗa mana baya muna yara. Kwanaki wani ya gani ya ce ya san mai iya shafe wannan ƙujewar ta ɓace kamar ba a yi ba. Na ce masa na gode, na ƙulle abata a tsummanta. Hannun Inna ne a wurin, kuma ba ni da wani wurin da zan sake ganinsa.